Teburin gasar unguwa a Excel: ka rubuta wasanni, ka bar maki ya lissafa kansa

Wani ɗan'uwa da aka ba sakataren gasar ƙwallon ƙafa ta unguwarsu, mai ƙungiyoyi 12, ya yi tambaya kamar haka: "Duk ranar Lahadi da daddare nake buɗe Excel in gyara tebur, in ƙara wa waɗanda suka ci maki uku, in sake jera su. Amma kusan kowane mako sai wani koci ya kira ni cewa na ci masa maki ko ƙwallo. Yaya zan tsara abin ya daina ba ni kunya, kuma ya fito da kyau idan zan tura wa jama'a?"

Malam Sakatare, na san wannan ciwon, domin na riƙe teburin wata gasa a unguwarmu shekaru da dama, kuma koyar da kwamfuta ce sana'ata. Matsalarka ba rashin iya lissafi ba ce. Kana amfani da Excel ne kamar allo da alli: ka goge 14 ka rubuta 17, kuma da zarar ka goge 14 ɗin, babu sauran shaidar inda ta fito. Ranar da koci ya ce makinsa 18 ne, ba ka da abin nuna masa sai "ai na ƙara". Shi ma yana da nasa "ai na ƙirga". Maganin shi ne ka daina taɓa teburin kwata-kwata. Sakamakon wasa kaɗai hannunka zai riƙa rubutawa, teburin kuma ya fito da kansa daga wannan.

Buɗe sabon fayil, ka sa wa shafin farko suna Wasanni. Kowane wasa layi ɗaya. A layin tsaye na A ka sa rana, B mako na nawa, C ƙungiyar gida, D ƙwallayen da ta ci, E ƙwallayen baƙi, F sunan baƙin. Ko da a fili ɗaya kuke buga komai, ka kira wadda aka fara ambata gida, ɗayar baƙi, suna ne kawai. Ƙungiyoyi 12 idan kowa zai haɗu da kowa sau ɗaya, wasa 66 ke nan a mako 11. Idan gida da waje ne, 132. Lissafin shi ne yawan ƙungiyoyi sau yawansu ban da ɗaya, shi ya sa Firimiyar Ingila mai ƙungiya 20 take da wasa 380 a kaka. Ka zauna rana ɗaya ka shigar da dukan jadawalin, ka bar D da E babu komai sai an buga.

Kada ka kuskura ka rubuta sakamako a gurbi ɗaya, wato 2-1. Excel zai ɗauka kwanan wata kake nufi, ya mayar maka da shi 01-Feb ko 02-Jan, gwargwadon yadda aka saita kwamfutar. Ko ma ya bar maka shi yadda ka rubuta, ba zai iya tara shi ba, don a wurinsa rubutu ne, ba lamba ba. Biyu a D, ɗaya a E.

A gurbin G2 sai ka sa wannan fomula, ka ja ta har ƙasa:

=IF(OR(D2="",E2=""),"",IF(D2>E2,"G",IF(D2<E2,"B","C")))

G gida ta ci, B baƙi sun ci, C canjaras. Ka lura da farkon fomular, inda aka ce idan D ko E babu komai, a bar G ma babu komai. Shekarar da na fara wannan aiki ban sa shi ba. Na gama tsara komai cikin dare, na buɗe teburin ina jin daɗi, sai na ga kowace ƙungiya ta riga ta yi canjaras a duk wasanninta, alhali ba a ko hura usur ɗin farko ba. Gurbi biyu marasa komai daidai suke da juna a idon Excel, don haka duk wasan da ba a buga ba ya zama kunnen doki. Wannan kuma yana nufin idan an tashi babu ci, dole ka rubuta 0 da 0 da hannunka, kada ka bar wurin fayau.

Kafin mu bar wannan shafi, akwai maganar sunaye, kuma ita ce ta fi cin mutane. Kwamfuta ba ta san cewa Kano Pillars da K. Pillars da Pillars da Sai Masu Gida abu ɗaya ne ba. Ƙungiya huɗu ce a wurinta. Abin da ya fi wannan muni shi ne tazarar da ba a gani: ka rubuta sunan daidai, yatsanka ya taɓa maɓallin tazara a ƙarshe, ido bai ga komai ba, amma nasarar ta tafi ga wata ƙungiya da babu ita a duniya. Haka ta taɓa faruwa da ni. Wani dattijo da ke ɗaukar nauyin 'yan bakin kasuwa ya same ni a shago bayan sallar isha'i, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, yarana sun ci wasa huɗu, ni na sayi ruwan leda a duka huɗun, amma takardarka ta ce uku." Minti ashirin na yi ina dubawa kafin na gano tazara guda ɗaya tal a bayan sunansu a wasan mako na biyar. Tun daga ranar ban sake rubuta sunan ƙungiya da hannu ba. Ka jera sunayen sau ɗaya a wani shafi, ka zaɓi layin C da F, ka shiga Data, ka danna Data Validation, ka zaɓi List, ka nuna masa inda jerin yake. Daga nan kowane gurbi zai riƙa ba ka 'yar kibiya ka zaɓi suna, kuma zai ƙi karɓar duk abin da ba ya cikin jerin. Google Sheets ma yana da wannan, har a waya.

Shafi na biyu ka kira shi Lissafi. Nan ne ɗakin girki, ba a shigo da baƙi. Sunayen ƙungiyoyin 12 a A2 zuwa A13, a kowane irin jeri, ba za su taɓa motsawa ba. B wasannin da aka buga, C nasara, D canjaras, E rashin nasara, F ƙwallayen da ta ci, G waɗanda aka zura mata, H rarar ƙwallaye, I makin da aka cire, J maki.

Nasara iri biyu ce: ta ci tana gida, ko ta ci tana baƙuwa. A C2:

=COUNTIFS(Wasanni!C:C,A2,Wasanni!G:G,"G")+COUNTIFS(Wasanni!F:F,A2,Wasanni!G:G,"B")

Karanta ta da Hausa za ka ga ba wani sihiri: ƙirga layukan da sunan nan yake a matsayin gida kuma sakamakon G ne, ka haɗa da layukan da yake a matsayin baƙo kuma sakamakon B ne. Canjaras irin wannan ce, sai dai "C" a wuri biyun. Rashin nasara kuwa ka juya, "B" a farko, "G" a ƙarshe. Wasannin da aka buga =C2+D2+E2. Ƙwallayen da ta ci, a F2:

=SUMIFS(Wasanni!D:D,Wasanni!C:C,A2)+SUMIFS(Wasanni!E:E,Wasanni!F:F,A2)

Waɗanda aka zura mata, ka musanya D:D da E:E. Rara =F2-G2. Maki =C2*3+D2-I2. Ka ja duka zuwa layi na 13, an gama. Idan kana Maraɗi ko Damagaram kuma Excel ɗinka na Faransanci ne, sunayen sun bambanta: IF shi ne SI, OR shi ne OU, COUNTIFS shi ne NB.SI.ENS, SUMIFS kuma SOMME.SI.ENS, sannan a maimakon waƙafi za ka riƙa sa waƙafi mai ɗigo a sama tsakanin sassan fomula.

Layin I, na makin da aka cire, kada ka ce ba ka buƙatarsa. A kakar 2023/24 an cire wa Everton maki 10, ta ɗaukaka ƙara aka mayar da shi 6, daga baya aka sake cire mata 2 a wata shari'ar daban. Mai tebur irin naka na da, sau uku zai yi ta gogewa yana rubutawa har ya rikice. Mai layin I kuwa lamba ɗaya yake canjawa. A gasar unguwa dalilan ba su da iyaka: magoya baya sun shiga fili, an kama ɗan haya, ba a biya kuɗin rajista ba. Ka sa lambar a I, ka rubuta dalili da ranar zaman kwamiti a gefe.

Yanzu jera su, wanda shi ne abin da ke cinye maka daren Lahadi. Idan da Google Sheets kake aiki, fomula ɗaya ta wadatar a shafi na uku, wanda za ka kira Tebur:

=SORT(Lissafi!A2:J13,10,FALSE,8,FALSE,6,FALSE)

Wato a jera da layi na 10, maki, daga babba zuwa ƙarami. Idan an yi daidai a duba na 8, rara. Idan an sake yin daidai a duba na 6, yawan ƙwallaye. Sabon Excel, na 2021 ko Microsoft 365, yana da SORTBY mai irin wannan aiki. Amma yawancin kwamfutocin da ke shagunan buga takardu da ofisoshinmu tsohon Excel ne a kansu, na 2010 ko 2013 ko 2016, kuma waɗannan ba su san SORTBY ba. Ka tsara a sabo ka kai shago a buga maka, sai ka ga teburin ya ƙi motsi ko ya cika da alamar kuskure. Shi ya sa na fi son tsohuwar hanya, mai aiki a ko'ina. A K2 na shafin Lissafi:

=J2*1000000+(H2+500)*1000+F2-ROW()/1000

Abin da ta yi shi ne ta ɗinke maki da rara da ƙwallaye cikin lamba ɗaya. Ƙungiya mai maki 20, rarar 7, ƙwallo 18 za ta samu kusan 20,507,018. Wata mai maki 20, rarar 7, ƙwallo 15 za ta samu kusan 20,507,015, ta koma ƙasa da ita. An ƙara 500 ne don rarar da ke ƙasa da sifili kada ta ɓata lissafin. Sai L2:

=RANK(K2,$K$2:$K$13)

Alamar dala ɗin nan ƙusa ce, tana hana K2 zuwa K13 zamewa idan ka ja fomular ƙasa. Ka manta da ita, ƙungiya ta ƙarshe da kanta kaɗai za a gwada ta, ta fito ta ɗaya. A shafin Tebur ka rubuta 1 zuwa 12 a layin A, daga A2 zuwa A13, sannan a B2:

=INDEX(Lissafi!$A$2:$A$13,MATCH(A2,Lissafi!$L$2:$L$13,0))

Ma'ana: nemo wadda matsayinta ya yi daidai da lambar da ke A2, ka kawo sunanta. Sauran layukan haka, kana canja $A$2:$A$13 zuwa B, C, D har J, amma ka kafe A2 ɗin ta zama $A2.

Ɗan wutsiyar nan ta ROW()/1000 fa? Idan ƙungiya biyu suka yi daidai a komai, RANK zai ba su duka matsayi na 5, ya tsallake 6, sai layi na shida a teburinka ya nuna #N/A. A makon farko da na biyu wannan kullum ne. Wutsiyar tana raba su da ɗan abin da bai kai ƙwallo ɗaya ba, don dai tebur ya cika. Amma ka sani, wadda ta fi kusa da sama a jerin sunaye take ɗorawa a gaba, kuma wannan ba hukunci ba ne. A tsakiyar kaka ba komai. A makon ƙarshe, idan ita ce ta raba mai ɗaukar kofi da na biyu, ka rufe kwamfutar ka kira kwamiti.

Nan ne nake so in daɗe, domin duk fomulolin da na ba ka sun ɗauka cewa dokarku ita ce maki, sai rara, sai yawan ƙwallaye. Shin haka aka rubuta? An ma rubuta? Yawancin rigimar da na gani a ƙarshen gasa ba daga kuskuren lissafi ta taso ba, daga nan ta taso: kowa yana da dokar da yake gani a talabijin, kuma dokokin ba iri ɗaya ba ne. Mai kallon Firimiya zai tuna 2012, lokacin da Manchester City da Manchester United suka gama da maki 89 kowacce, City ta ɗauki kofi da rarar 64 a kan 56, bayan ƙwallon Aguero a ragar QPR a mintin ƙarshe. Mai kallon La Liga zai ce a'a, karawar da suka yi da juna ake dubawa, kuma shi ma yana da hujja: a 2007 Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76, Barcelona ta fi rarar ƙwallaye nesa ba kusa ba, 45 a kan 26, amma Real ce ta ɗauki kofin saboda ta ci 2-0 a gidanta, aka yi 3-3 a Camp Nou. Da dokar Ingila aka bi a Sifaniya a shekarar, da kofin ya tafi wani gari. Wani lokacin ma rarar ba ta raba gardama: a 1989 Arsenal da Liverpool sun yi daidai a maki 76 da rarar 37, aka koma yawan ƙwallaye, Arsenal 73, Liverpool 65. A Kofin Duniya na 2018 kuwa Senegal da Japan sun yi daidai a maki, a rara, a ƙwallaye, wasansu da juna ma 2-2 aka tashi, sai da aka ƙirga katin gargaɗi. Senegal shida, Japan huɗu, Senegal ta dawo gida.

To, ka ga duk wanda ya zo maka da hayaniya ranar rufe gasa zai iya kawo misali na gaskiya da ke goyon bayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wasan farko, ko kuma gobe-goben nan tunda kun riga kun fara, ka tara shugabannin ƙungiyoyin 12, a rubuta matakan raba gardama ɗaya bayan ɗaya har zuwa na ƙarshe, ko wasan raba gardama ne ko ƙuri'a, kowa ya sa hannu. Ka ɗauki hoton takardar, ka kuma kwafe ta a wani shafi cikin fayil ɗin. Ni dai idan aka tambaye ni, rara nake ba gasar unguwa shawara, domin kowa na iya ganinta a tebur da idonsa. Aibinta ɗaya, kuma ka san shi: a makon ƙarshe za ka iya jin an ci wata ƙungiya da ba ta da abin nema 11-0. Maganin wannan ba ya cikin Excel, sai dai a buga wasannin ƙarshe masu muhimmanci a lokaci guda idan kuna da fili biyu.

Idan kwamitinku ya zaɓi karawar juna, shawarata kada ka wahalar da kanka wajen neman fomular da za ta yi shi. Tsakanin ƙungiya biyu ana iyawa, amma da zarar sun zama uku sai an yi ƙaramin tebur na wasanninsu kaɗai, kuma fomular takan yi tsawon da kai kanka ba za ka gane ta ba bayan wata biyu. Ka ƙara layi ɗaya a Lissafi, ka kira shi hukuncin karawa, ka tace shafin Wasanni ya nuna wasannin waɗanda suka yi daidai kawai, ka lissafa da biro, ka ba wadda ta fi lamba mafi girma. Sai ka gyara fomular K ta yadda wannan lamba za ta zo bayan maki, kafin rara.

Wasan da aka ba wata ƙungiya a kan tebur, saboda abokiyar karawarta ba ta zo ba ko ta sa wanda bai cancanta ba, ka shigar da shi 3 da 0 kamar yadda aka saba, amma ka ƙara layin H a shafin Wasanni don bayani, ka rubuta abin da aka tashi a fili da dalilin canjawa. Ƙungiyar da ta janye a tsakiyar gasa kuwa, wannan ma a rubuta dokarsa tun wuri: za a soke duk wasanninta ne, ko za a bar na baya a ba sauran 3-0? Idan sokewa ce, ka kwashe lambobin D da E na wasanninta ka ajiye su a layin bayani. Tebur zai gyara kansa nan take.

Ta yaya za ka san babu kuskure kafin ka tura? Akwai awo huɗu da nake sawa a ƙasan shafin Lissafi, kuma ban taɓa fitar da tebur ba tare da na kalle su ba. Jimillar nasara dole ta yi daidai da jimillar rashin nasara, tunda duk inda wani ya yi nasara, akwai wanda aka ci. Jimillar rarar ƙwallaye dole ta zama sifili. Jimillar layin B dole ta ninka yawan wasannin da aka buga sau biyu. Na huɗun shi ne maki: kowane wasa yana raba maki uku, ban da canjaras da ke raba biyu, don haka idan an buga wasa 30, takwas suka tashi canjaras, jimillar makin tebur 82 ce, ban da abin da kwamiti ya cire. Da ina da waɗannan a wancan lokacin, da na kama tazarar nan tun kafin dattijon ya taso daga gidansa, domin nasara za ta gaza rashin nasara da ɗaya. Abin da awon ba zai kama ba shi ne idan ka juya sakamako, ka ba gida abin da baƙi suka ci. Wannan sai takardar alƙalin wasa. Ka riƙa karɓar ta da sa hannun kyaftin biyu, ko hotonta, kada ka dogara da "an ce".

Masu cin ƙwallaye da katuna, kowanne shafinsa, da ƙa'ida iri ɗaya: ƙwallo ɗaya layi ɗaya, kati ɗaya layi ɗaya. Rana, ƙungiya, ɗan wasa, irin ƙwallon, ko ta fenariti ce ko cin gida. Cin gida ana lissafa wa ƙungiyar da ta amfana, amma ba ya shiga lissafin takalmin zinare. Haka ƙwallaye ukun wasan da aka bayar a kan tebur, ba su da mai su. Ka ba kowane ɗan wasa lambar rajista, ka riƙa ƙirga da lambar, domin a gasa mai 'yan wasa sama da ɗari biyu za ka samu Abubakar Sani uku, kuma rabin sauran da laƙabi aka san su, kowace ƙungiya da nata Messi da nata Kante.

Shafin katuna ya fi na ƙwallaye muhimmanci, ko da yake ba wanda zai yaba maka a kansa. A Nuwamban 2017 Najeriya ta je Aljeriya ta yi 1-1 a wasan ƙarshe na neman gurbin Kofin Duniya, da Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato kuma tsohon ɗan wasan Kano Pillars, a cikin fili, alhali ya tara katin gargaɗi biyu da ya kamata su hana shi buga wasan. FIFA ta mayar da sakamakon 3-0, ta ba Aljeriya. Allah Ya taimaka Najeriya ta riga ta samu gurbin zuwa Rasha. Irin wannan ta sake faruwa da Afirka ta Kudu a 2025, ta ci Lesotho 2-0 da Teboho Mokoena a fili, aka ƙwace makin. Idan ƙasashe masu ma'aikata na musamman suna mantawa, kocin unguwa da ke riƙe lissafi a ka fa? COUNTIFS ɗaya a kan lambar ɗan wasa ta isa ta gaya maka katinsa nawa. Ka sa Conditional Formatting ya mayar da gurbin ja idan ya kai adadin da dokarku ta ce, ka kuma ƙara layin da za ka rubuta ranar da ya yi zaman hukuncin, don kada ka dakatar da yaro sau biyu a kan laifi ɗaya. Ka riƙa sanar da sunayen waɗanda aka dakatar tare da tebur kowane mako. Rabin ƙorafin da ke zuwa gaban kwamiti zai mutu tun kafin a haife shi.

Sai fitar da shi ga jama'a. Ka tuna a waya za a kalla, yawanci ƙarama, wani lokacin mai fasasshen gilashi. Kada ka cusa komai. Matsayi, suna, wasa, nasara, canjaras, rashin nasara, rara, maki sun isa. Mai son ƙarin bayani ya tambaya. Maki a ƙarshe, da kauri. Layin rara ka ba shi tsarin lamba na musamman, +0;-0;0, don ya riƙa nuna +7 da -3. Launi biyu kawai, kore mai haske ga na sama, ja mai haske ga masu faɗuwa, kuma ka gwada bugawa a baƙi da fari ka ga ko ana karantawa, tunda kwafin da za a manna a bakin fili ba mai launi ba ne. A sama ka rubuta "bayan wasannin mako na 7" da kwanan wata. Hoton tebur ba ya mutuwa, bayan wata guda wani zai tono tsoho ya ce ga shi su ne na biyu. Idan akwai kwantan wasa, ka ambata a ƙasa.

Hoto ya fi sauƙi, amma wasu ba sa buɗe hoto don tsimin data. Idan za ka tura a rubuce, kwafowa kai tsaye daga Excel wargajewa yake yi, saboda haruffan waya faɗinsu ba ɗaya ba ne. Dabarar ita ce ka sa Excel ya cike kowane suna da tazara har su yi tsawo ɗaya. A wani layi a gefen teburin:

=RIGHT(" "&A2,2)&" "&LEFT(B2&REPT(" ",11),11)&RIGHT("   "&C2,3)&RIGHT("    "&H2,4)&RIGHT("   "&I2,3)

Ka daidaita haruffan C, H da I da inda wasa, rara da maki suke a naka teburin. Ka kwafi layukan 12, ka manna a WhatsApp, ka sa alamar ` sau uku a farko da sau uku a ƙarshe. Wannan yana mayar da rubutun irin na tafireta, inda kowane harafi faɗinsa ɗaya, sai lambobin su tsaya a sahu. Kada layi ya wuce harafi 25 ko kusa da haka, in ba haka ba zai karye a ƙananan wayoyi. Sunaye masu tsawo ka yi musu gajeren suna a jerinka tun farko, kuma ka tambayi masu ƙungiyar kafin ka gajarta, don na taɓa shan faɗa a kan wannan ma.

Fayil ɗin kansa mutum ɗaya ne zai riƙa rubutu a ciki, kai. Ka kulle shafin Lissafi da na Tebur da Protect Sheet, don kai ma kada hannunka ya faɗa kan fomula cikin gyangyaɗi. Idan Google Sheets ne, ka ba shugaban kwamiti damar kallo kawai, kuma yana ajiye tarihin duk canjin da aka yi da lokacinsa, wanda ya fi rantsuwa amfani ranar da aka zarge ka. Idan Excel ne a kwamfuta, duk Lahadi ka ajiye kwafi da lambar makon a sunansa, ka tura wa kanka ta imel.

Tunda kun riga kun yi nisa a gasar, ka nemo sakamakon duk wasannin da aka buga daga makon farko, ka shigar da su, ka kwatanta teburin da ya fito da wanda ka tura makon jiya. Ina kyautata zaton za ka samu bambanci a wuri ɗaya ko biyu. Idan ka samu, kada ka gyara shiru. Ka kira kocin da abin ya shafa kafin kowa ya gani, ka karanta masa wasanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ka fitar da sabon teburin da ɗan bayani a ƙasa cewa an gyara kaza a wasan mako kaza.